Mai Babur da Ƙafar Baba

Shekarar da aka karya wa Baba ƙafa ina koyarwa a Bagudo. Ranar kasuwar Lolo ce, yana dawowa gida a ƙasa, wani mai babur ɗauke da jarkokin fetur ya kwashe shi a kan kwana. Mai babur ɗin Badande ne a ƙabila, daga tsallaken iyaka, ta ɓangaren Benin, magidanci har da furfura a gemu. Da ya so tserewa da ya tsere, daji a buɗe yake. Sai ya zauna a bakin hanya, ya tallafe kan Baba har jama'a suka taru.

Da na iso ƙauyenmu na tarar mai ɗori ya gama aikinsa, gida kuma ya rabu biyu. Inna ta ce a miƙa mutumin ga 'yan sanda. Baffana, ƙanen Baba, ya ce ƙaddara ce, a yafe a sallame shi. Shi kuwa mai babur ɗin yana durƙushe a zaure, kowa ya yi magana sai ya gyaɗa kai, har da Inna.

Baba ya bari suka gaji, sannan ya sa aka shigo da shi.

"Kana da iyali?"

"Ina da su, Baba."

"In an rufe ka, wa zai ci da su?"

"Sai dai maƙwabta."

"To ni maƙwabtana sun tsufa. In na sallame ka, wa zai nome min shinkafa?"

Nan Baba ya yanke hukunci: ba za a kai shi ko'ina ba, amma daminar nan duka zai riƙa zuwa da safe, ya ɗauki Baba zuwa fadama, ya yi aikin da ƙafar za ta yi.

Baba bai taɓa yarda da babur ba. Da aka kwance ɗori ya fara hawa, sai ya kafa sharaɗi: ban da gudu. Na gansu da idona, jaki ya wuce su da kaya. A gona Baba yana zaune a inuwa da sanda, yana nuna ciyawar da aka tsallake. Mutumin ɗan hanya ne, bai iya noma ba. Ya koya.

Inna ta ce wannan ba hukunci ba ne, ɗaukar ɗan ƙodago ne. Tana zuba masa tuwo, don ba a barin mai aiki da yunwa, amma kifi bai taɓa shiga kwanonsa ba. Baba ya riƙa raba nasa biyu. Da ta gane, ta daina sa wa Baba ma.

Bayan an yanke shinkafa an sheƙe, Baba ya tara mu a zaure, ya ce wa mutumin, "Yanzu na yafe maka." Mutumin ya yi kuka. Baba ya jira ya gama, sannan ya gaya masa cewa kunyoyin da ya yi ta gabas duk a karkace suke.

Ƙafar ba ta koma daidai ba, Baba yana ɗingishi har ya bar duniya. Baffana ya ci gaba da cewa an tsananta wa bawan Allah a kan tsautsayi. Inna har gobe tana cewa an yi masa sauƙi. Ranar jana'iza mutumin ya zo da matarsa, ita ce ta kwana uku tana taya Inna girkin masu gaisuwa.