Ɗan Tiyon Usta Hamidu

Duk wanda ya san marigayi Usta Hamidu makanike ya san ba ya amsa sallamar mai mota sai ya fara gaisawa da motar. Kana tsayawa a ƙofar warsharsa, wato garejinsa, da ke Khumra a Jidda zai ɗaga murfin injin, ya zura hannu can ƙasa, ya latsa wani guntun tiyo wanda bai wuce tsawon yatsa ba, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Wa alaikumus salam. Yaya iyali?" Tare muka tashi a Ammariyya, kakanninmu kuma a ayari ɗaya suka iso ƙasar nan, amma ko ni ban taɓa samun rangwame ba.

Ya karanta mana darasin tiyon nan har muka haddace. Kafin mota ta ɗumama, akwai wani marfi da ke tsare ruwa kada ya wuce lagireto. A wannan lokaci ta ɗan tiyon nan ruwan ke kewaya injin ya komo wurin famfo, domin kada ya tsaya wuri guda yana tafasa. "Manyan tiyo kowa na ganinsu," in ji shi. "Wannan kuwa ba a tunawa da shi sai ranar kuka."

Ranar ɗaurin auren 'yarsa liman ya zauna, jama'a sun cika, aka nemi uban amarya aka rasa. A waje na same shi, kansa cikin injin motar kawun ango, mai ya ɓata hannun sabuwar rigarsa.

Na ce, "Hamidu, kai ake jira."

Ya ce, "Su jira. Wannan ce za ta kai 'yata gidanta."

Abin da ya faru tsakanina da shi kuwa, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ina da tsohuwar mota ƙirar Amurka wadda na gada wurin mahaifina, ta girmi ɗana na fari. Wata rana a Madinar Masana'antu ɗan tiyon ya tsage, ruwa ya soma ɗiga. Na shiga warshar da ta fi kusa. Makanikin ya duba ya ce, "Ya ammi, kawuna, an daina yin irinsa. Kuma Jidda ina sanyi? Ba shi da aiki. Halas, shi ke nan." Ya cire shi, ya toshe ramukan biyu da ƙusoshi. Ni kuwa, da shekaru arba'in na darasi a kaina, na yi godiya na tafi.

Bayan kwana uku na biya wurin Usta shan shayi. Ya ɗaga murfi, ya zura hannu. Hannun ya daɗe bai fito ba. Sallamata kuwa ba a amsa ba. Sai ya ja da baya ya zauna bisa wata tsohuwar taya, yana dubana kamar yau ya fara ganina.

"Alhaji Mamman, wa ya yi wa motar Baba haka?"

"Ai allurar zafi lafiya take nunawa."

"Allura tana auna ruwan da ya iso wurinta. Wanda ka ɗaure a ciki fa, wa ke auna shi? Kwana nawa?"

"Uku."

Ya yi salati, ya zare makullin ya jefa aljihu. "Da ka kai bakwai, kan injin nan ya tsage, kuma ba mai ƙera maka wani. Yalla, tashi ka nemi tasi."

Mako guda yana yawon tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, bai samu ba. Ranar da ya kira ni na tarar da motata tana aiki lami lafiya. Gefe guda kuma ga tasa, irin tawa sak, wadda ko jingina da ita ba ya bari a yi, murfinta a buɗe. Ya cire nata ya sa wa tawa. Na buɗe baki zan yi magana.

Ya ce, "Rufe bakinka. Ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya ka zo ka ɗauke ni."

Wata huɗu, kafin a aiko masa da wani tiyon daga ƙasar waje, ni ne direbansa. A kujerar baya yake zama, kuma ba ya bari in tashi sai injin ya ɗumama.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, wani likita ɗan Najeriya ya yi masa bayani cewa za su ɗauko jijiya daga ƙafarsa su kewaye da ita wurin da ya toshe. Mu duk mun firgita. Shi kuwa ya gyara kwanciya ya ce, "Madalla. Ashe kun yi karatu. Sai dai ku ɗaure bakin biyu da kyau, nan ne yake ɗiga." Likitan ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Ya yi shekara biyu bayan aikin. Da aka share makoki, babban ɗansa ya kawo mini ambulan da ya samu a akwatin mahaifinsa. Ashe tiyo biyu ya sa aka aiko. Ga na biyun sabo fil, an ɗaura masa takarda da rubutun hannunsa: "Na Alhaji Mamman. Zai sake."

Ban sake ba, Hamidu. Kowace safiya nakan ɗaga murfin in latsa shi kafin in yi wa kowa magana. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi, ya saka maka da duk alherin da ka yi a ɓoye wanda ba mu gani ba. Amin.