Ƙulli na Goma Sha Huɗu

Ban taɓa ganin teku ba sai a wayar yayana. Mu 'yan unguwar Tishigu ne a Tamale, ruwan da muka sani shi ne na famfo, ran da ya ga dama ya zo. Da Yaya ya samu aiki a jirgin ruwa mai dakon kaya, nakan zauna a gindin darbejiyar gidanmu ina ganin jirgin a raina kamar unguwa guda tana tafiya a kan ruwa, mutane suna gaisawa a lunguna.

Mma ma haka ta ɗauka. Ranar da zai koma bayan hutunsa na farko, ta daka yaji ta ƙulla a leda har ƙulli hamsin, domin a gidanmu ba a tura mutum wurin abokan aikinsa hannu rabbana. Yaya ya dubi tulin ya tuntsire da dariya.

"Mma, wa zai cinye wannan? Mu goma sha uku ne fa."

"A ɗakinku?"

"A jirgin gaba ɗaya. Har da kyaftin da kuku."

"Jirgin da ka ce ya fi layinmu tsawo? Kai, ko tuwon biki mata goma sha uku ba sa gama shi a gidan nan."

Sai ya yi mana bayani. Kowane jirgi yana da takarda daga hukuma, wadda ta faɗi mafi ƙarancin ma'aikatan da zai iya tashi da su ba tare da an jefa rayuka cikin haɗari ba. In aka rasa mutum ɗaya, jirgin ba zai bar tasha ba. A lokacin abin ya burge ni. Na ji daɗi cewa wani a wani ofis mai nisa ya tuna da ran yayana.

Bayan shekara matarsa ta haifi ɗiyarsu ta fari. Allah ya sa a makon nan jirginsu yana tashar jiragen ruwa ta Tema ana sauke kaya. Tsakanin Tema da Tamale tafiyar yini guda ce a mota. Mma ta sa aka share ɗakinsa, aka ɗaure rago a tsakar gida.

Ana saura kwana biyu suna, ya kira ni bayan azahar.

"Auta, kina kusa da Mma? Matsa gefe."

Na matsa bayan kicin.

"Ba zan samu zuwa ba. Takardar ta ce goma sha uku, mu kuma goma sha uku ne cif. Jirgi zai tashi ranar sunan. Kamfani bai turo mai canjina ba."

"Kwana biyu kacal, Yaya! Wani ya riƙe maka mana."

"Wa? Awa shida aiki, awa shida hutu, a cikin hutun ake wanka da salla da cin abinci. Wanda zan roƙa, jiya a tsaye na tarar da shi yana gyangyaɗi."

Har yau in na tuna, raina yakan ɓaci. Takardar ta ce kada a gaza goma sha uku. Ba ta ce kada a wuce ba. Masu jirgin ne suka ɗauki iyakar da aka shata don tsare rai suka tsaya a kanta daram, ba su bar wurin zazzaɓi ba, ba su bar wurin haihuwa ko rasuwa ba. Mu nan, mai nonon da ke kawo mana daga bayan gari ma tana da ƙanwar da ke ɗaukar ƙwaryarta ran da ta kwanta.

Da safiyar suna na riƙe waya a kunnen jaririyar don ubanta ya yi mata addu'a. Bai kai ƙarshe ba muka ji ana ƙwala masa kira ya zo a kwance igiyoyin jirgi. Liman ne ya ƙarasa.

Da aka soya naman ragon, Mma ta ce a kai wa matar abokin aikinsa da ke unguwar Dabokpa, ita ta san hanyar da saƙo ke isa gare su. Ta zauna tana ƙullawa ina ƙirgawa. Da muka kai goma sha uku na ce, "Mma, ya cika."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ƙulla wani, ya fi sauran girma.

"Wannan na wanda suka ƙi ɗauka ne," ta ce. "A ba kyaftin ɗin ya kai wa masu jirgin."