Kujerata a Komisariyar Treichville

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji aka rarraba mu koyon aiki, abin da ake kira sitaj. Masu uwa a gindin murhu suka sami banki da gidan waya. Ni aka tura ni komisariyar 'yan sanda ta Treichville, dab da tashar jiragen ruwa. A Adjamé nake zaune, gidan Baffa, ƙanin mahaifina, malamin da 'yan kasuwar unguwa ke ɗaukar karatu a zaurensa. Kullum da safe in hau bas in ƙetare gada, sanye da kakin da aka ɗinka don wani ƙato.

Aikina shi ne in zauna a teburin bakin ƙofa, in saurari masu kawo ƙara, in buga bayaninsu a tafireta da yatsa biyu. Mai kula da ni wani birgadiye ne, wato sajen 'yan sanda, tsohon soja, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Abu ɗaya ya tsana a tare da ni: da dattijo ya shigo sai in miƙe in rusuna, ko da ɓarawon buhun shinkafa ne aka kamo daga tasha.

"Ɗan sanda ba ya tashi wa kowa sai shef," in ji shi, yana nufin shugaban komisariya. "Ka sake barin kujerar nan, sitaj ɗinka ya ƙare."

In sitaj ya ƙare haka babu takardar shaida, ba takarda kuwa ba aikin gwamnati. Na manne a kujera kamar an kafa ni da ƙusa, har na fara jin daɗin abin.

Wata safiya ana yayyafi sai ga Baffa a bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, alhali Talata ce. Ya tuɓe takalmansa a waje, ya tako har gaban teburina, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe," ya ce da ni.

Mutumin da tun ina yaro ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na dubi birgadiye, shi ma ni yake kallo, ya harɗe hannu. Na ce wa ƙafafuna su tsaya inda suke, ba su ji ba. Na zame daga kujera na tsuguna. Ganin hukuma ta sauko, Baffa ya ƙara yin ƙasa, ya zauna dirshan. Ni ma na zauna, na sunkuyar da kai don kada na fi shi tsawo. Daga nan babu sauran ƙasan da za a je.

"Allah gafarta Malam, lafiya?"

"Laimata ce ta ɓace," ya ce.

Na sauko da tafireta na ɗora a cinya, na buga: laima, baƙa, tsohuwa. Masu jiran layi suka zuba mana ido. Birgadiye ya zo ya tsaya a kanmu, ya ce in gaya wa tsohon nan akwai komisariya a Adjamé, ni kuma in ajiye kakin kafin in tafi. Baffa ba ya jin harshen birgadiye, rabin farko kawai na fassara masa.

Tare muka koma gida. A bas Baffa ya lura babu kaki a jikina, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Haushinsa nake ji, irin haushin da ba ka da inda za ka kai shi. Muna shiga zaure na ga laimar a jingine bayan ƙofa, inda take kwana tun da na san gidan.

"Baffa, ga laimarku."

"Na san tana nan." Ya zauna a buzunsa, ya daɗe yana gyara bakin riga. "Masu zuwa tasha ne suke ta ba ni labari, wai sun gan ka a kan kujera, mutane na layi a gabanka. Kowa ya gani sai ni."

Na tsuguna a gefen buzun.

"Kuma yau ɗin ma ban gani sosai ba, ka yi saurin sauka," ya ce. "Ba komai. Gobe in Allah ya kai mu zan koma, in tsaya daga waje."