Rantsuwar Ungozoma Aeltje

Duk wanda aka haifa a unguwar masaƙa ta birnin Leiden cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya in ba hannun Aeltje ne ya fara taɓa shi ba. Gajeriya ce kakkaura, kullum lofen taba na bakinta, allon ungozomanci na rataye a ƙofarta. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: in mace marar aure na naƙuda, ungozoma ba ta sa hannu sai macen ta faɗi sunan uban cikin. Daga nan ungozoma ta je gaban alƙalan gari ta rantse, a ɗora wa mutumin ciyar da jariri da abin kunyar duka.

Ɗanta Wouter ɗinkin littattafai yake yi wa malaman jami'a, yana kuma satar karanta abin da yake ɗinkawa. Lokacin ana yayin wani sabon ilimi: kada ka gaskata komai sai ka tabbatar, ko da idonka ne ya gaya maka.

Ran nan suna cin burodi da kifin gishiri ya ce, "Inna, yaya kike sanin gaskiya suke faɗa miki?"

"Ji ɗan nema! Ni na yanke maka cibi, yau kai za ka koya mini aiki? Macen da ƙafarta ɗaya ke kabari ba ta ƙarya."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ai ba shaida ba ne, Inna."

"To ci kifinka, in ka tabbatar kifi ne."

Haka suka yi ta yi, har shekarar annoba. Wata mai wankau, Trijn, ta aika a kira ta, tana kwance rai a hannun Allah.

"Inna Aeltje," in ji Trijn, "ɗan da na haifa a hannunki ba na Harmen mai burodi ba ne. Na maigidan da nake wa aiki ne. Cewa ya yi in na kama sunansa zai jefa ni rafi."

Aeltje ta tuna Harmen sarai. Da bakinta ta rantse a kansa. Coci ta hana shi cin abincin ibada na jibin Ubangiji, mata suka daina sayen burodinsa, ya bi jirgin ruwa zuwa ƙasashen Gabas, bai dawo ba. Ta fito ta zauna bakin gada, lofe ya mutu a hannunta. Sunaye nawa ta kai gaban alƙalai? Ta yi ta jero su, ta rasa ko ɗaya da take da tabbacinsa.

Bayan wata biyu wata mai kaɗin ulu marar aure, Saertje, ta haifi 'ya mace. Cikin zafin naƙuda ta kira sunan Gerrit ɗan mai rini, har sau uku. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya ɗauke uwar. Saura rantsuwar Aeltje: in ta yi, jaririya ta sami uba, in ta ƙi, sai gidan marayu.

A gaban alƙalai, babbansu ya ce, "Ɗaga yatsu ki rantse mana, uwar gari. Yau kika fara?"

"Ranka ya daɗe, kunnena ya ji. Amma ban sani ba."

"Ba ki san me ba?"

"Ko gaskiya ce."

Aka yi juyin duniya ta ƙi. Gerrit ya rantse bai san yarinyar ba, ya tafi abinsa. Aka sauke allon Aeltje daga ƙofa. Ta koma kaɗin ulu, aikin da ba ya bukatar rantsuwa.

Duk Lahadi marayu kan wuce ta ƙofarta a jere zuwa coci. Shekara bakwai tana kallon 'yar Saertje na girma, siririya, mai tari. Wata Lahadi Wouter na tsaye kusa da ita, yarinyar ta waiwayo. Tsagaggiyar haɓa, jan gashi, kunnen hagu a lanƙwashe: Gerrit sak, kamar an tsaga kara.

Wouter ya yi ƙasa da murya. "Inna, wannan kam babu shakka. Gaskiya uwarta ta faɗa."

Aeltje ba ta ɗauke ido daga yarinyar ba har jerin ya sha kwana.

"Ɗan Trijn ma," ta ce, "kowa cewa yake ya yi kama da Harmen."