Ƙibar da Ba Ƙiba Ba

Muna yara a Talata Mafara, talabijin ɗaya ce a layinmu, kuma katun ɗin da muka fi so na wata mage ce mai haɗama. Ta haɗiye kaza sukutum, ta ɗora da tulun madara, ciki ya yi tim, kumatu su cika har ƙofa ta gagare ta wucewa. Kafin ka ƙifta ido ta koma yadda take. Abin da na ɗauka ke nan tun ina ƙarama, cewa wanda ya kumbura ya ƙoshi.

Shekarar da ƙanwata ta gudo daga Gidan Goga saboda 'yan bindiga, ta zo mini da ɗiyarta 'yar shekara biyu, ƙashi da fata. Na ce ta bar mini ita, ni da na raini biyar. Kunun gero ne kawai a gidan, na dage da shi safe da yamma. Sai in zaunar da ita gaban tsohon katun ɗin nan, wanda yanzu yarana ke kallo a waya, mage na ci ina ɗura mata.

Bayan 'yan makonni kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Har maƙwabta na kira su gani. Ƙanwata ta ce, "Yaya, yarinyar nan fa ta daina dariya." Na ce mata ita dai ba ta iya godiya ba.

Ranar rigakafi, ma'aikaciyar asibiti ta danna bayan ƙafar yarinyar da babban yatsa, ta ɗage. Ramin ya zauna, kamar an danna tuwo.

"Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji ta. "Tamowa ce, rashin abinci mai gina jiki. Yau za a kwantar da ita."

Mun daɗe a asibitin nan. Kumburin ya saɓe, na ga abin da ya rage na yarinyar, na kasa haɗa ido da uwarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi.

Yarinyar ta rayu. Yanzu ita ke fara ƙyalƙyala dariya in mage ta kumbura. Ni na gaji da katun ɗin. Tana dariyarta nake jawo ƙafarta in danna, in jira naman ya taso.