Mai Awo, Wadda Ta Nema Mini Hanyar Gida

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran 'yar maƙwabcina, ɗaliba a jami'a mai karatun sha'anin filaye, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Ni Mai Awo nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ango, irin wasan jika da kaka, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ba zan bar wani ya rubuta mini wannan ba.

Mai Awo, tun da mai ɗakina ta rasu, ƙofata ba ta san bugun kowa ba sai naki. Kikan shigo da la'asar, takalmanki duk jar ƙasa, ki zuba mini ruwa a buta, ki jawo tabarma, sannan ki fara ƙorafi. "Ango, yau tun safe nake riƙe da sandar awo a rana. Filin ƙwallo ɗaya, kowane rukuni da nasa sakamakon. Wallahi filin nan tafiya yake yi in mun juya baya." Ni da na yi makaranta lokacin da taswira ɗaya ce a aji, ita ma gara ta ci rabinta, sai in saki baki ina sauraro. A bakinki na ji cewa iyaka ba ta tsayawa da dutse kaɗai, sai da mutanen da suka yarda da ita.

Ke kaɗai na gaya wa abin da ke raina. Ƙauyen da aka haife ni, birni ya haɗiye shi ina can nesa wurin aiki. Da na dawo ban ga ko kututture ɗaya da na sani ba. Ban nemi a mayar mini da ko taku ba. So nake in tsaya inda ɗakin mahaifiyata yake, in yi mata addu'a, kafin ƙafafun nan su ƙi ni gaba ɗaya.

Wata rana kika zo da kwamfutarki kina ta murna. An fara koya muku aiki da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, kin kuma samo na yankinmu tun kafin a yi kwalta. Na sa tabarau, na duba, na sake dubawa. Toka-toka kawai, da 'yan ɗigo kamar an watsa tsaba. Ban gane komai ba, domin ban taɓa ganin garinmu daga sama ba. Daga ƙasa na san shi, da tsayin yaro.

Kika ce, "To rufe ido, Ango. Kai yi tafiya, ni in bi ka da yatsa."

Muka fara daga dutsen bakin rafi, wanda har yau yana nan. Na rufe ido, sai ga sanyin yashi a tafin ƙafata. Na haura gangare, na wuce inda mata ke shanya, na ji ƙarar maƙera daga dama. Ina faɗa, kina cewa, "Na gani, ci gaba, kada ka tsaya kallon 'yan mata." Yammaci da yawa muka yi haka, wani lokaci ban san ko ina magana ba ne ko barci ya ɗauke ni. Har muka iso gindin wata tsamiya inda hanya ta rabu biyu. Nan na tsaya. Hagu ko dama? Ƙafar da ta bi hanyar nan kullum ta manta.

Kika ɗora sabuwar taswira a kan tsohon hoton, kika ce hanya ɗaya ta ƙare inda makarantar firamare take yanzu, ɗayar kuma a garejin makanikai. Na roƙe ki ki gaya mini wacce ce wacce. Kika rufe kwamfutar kina dariya. "In na faɗa, makaranta za ka zaɓa, na san halinka. Malaminmu ya ce ba a sa wa mai shaida magana a baki. Ka tuna da kanka, ni kuma in ɗauko maka mota." Na yi fushi, na ce na sake ki. Kika ce ai tsoho irina ba ya samun wata.

A wurin zaman makokinki, a ƙofar gidanku, na jingina da bango bayan azahar, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai ga tsamiyar. Sai ga mahaifiyata da tulu a ka, zanenta jiƙe, ta karkata hagu, ta waiwayo tana jirana. Na farka na juya in gaya miki.

Hagu ne, Mai Awo. Amma ban san ko hagun nan makaranta ce ko gareji ba. Ban iya tambayar mahaifinki kwamfutar ba, domin ba a tambayar mai kuka hanya. Abokan karatunki da na gani sun cika layinmu ranar jana'iza, in ɗayansu ya karanta wannan, ƙofata ce mai kallon ta gidanku. Kullum ina ciki. Ya dai yi sauri.

Allah ya jiƙanki, 'yata, ya gafarta miki, ya yalwata miki makwancinki iyakar ganin ido, ya sa ɗawainiyar da kika yi da tsohon da ba naki ba ta tarye ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinki da mahaifiyarki, da ƙannenki, da malamanki. Allah ya sanyaya zukatansu, ya ba su haƙurin rashinki. Ni kuma da na ɗauka ke za ki yi mini wannan addu'a, Allah ya kyautata nawa ƙarshen. Amin.