Wanda Ya Zauna a Madadin Ƙanensa

A makarantar koyon aikin lauya, kundin tsarin mulki ne darasin da muka fi ji da shi. Muna haddace sassansa kamar karatun allo, muna gardama a kan ikon shugaban ƙasa da na majalisa har murya ta dushe. Da na dawo Kontagora na buɗe ɗan ofishina a saman wani shagon taki, sai na tarar aikin duk rikicin fili ne da gado da beli. Kundin yana nan kan tebur, amma na fi danne takardu da shi idan an kunna fanka.

Wata damina, ana tsakiyar noman farko, wata mata ta hawo benen. 'Yar Kambari ce daga wani ƙauye a hanyar Mashegu. Hausarta da ɗan gargada, amma maganarta ba kwana-kwana.

"Lauya, maigidana nake so ka fito min da shi. Ciyawa ta kusa cinye dawa, ni kaɗai ce da yara ƙanana."

Abin da ya faru shi ne, ƙanen mijin ya yi faɗa da wani maƙwabci a kan iyakar gona, ya karya masa hannu da ƙotar fartanya, ya shige daji. 'Yan sanda suka zo ba su same shi ba, suka tafi da yayan. Ya kwana biyu a tsare, ba a tuhume shi da komai ba, ba a kai shi kotu ba. In noman farko ya wuce bai dawo ba, gidan ba su da abincin shekara.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ga shari'ar da kundin ya yi magana a kanta ƙarara: ba a tsare mutum sai da dalilin da doka ta sani, kuma laifin ɗan'uwa ba ya cikin dalilan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Na shigar da ƙarar neman 'yancinsa a babbar kotu da sunan matar, sannan na je ganinsa.

Dattijo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Na ce, "Baba, sannu da haƙuri. An kusa fita in Allah ya so."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya aiko ka?"

"Iyalinka."

Ya girgiza kai. "Ɗana, ai ba kama ni aka yi ba. Da suka zo, ni na tashi na bi su. A wurinmu in yaron gida ya yi ɓarna, babba ne ke zama a wurinsa har a sasanta. In mutanen wancan gida suka gan ni a ƙofar ɗakina ina cin tuwo, ɗansu na kwance, za su ce mun raina su. Sai su shiga daji neman yaron da kansu, kuma ka san ba da hannu sake za su shiga ba. Babba juji ne."

Raina ya ɓaci. Na saba da wanda ke roƙon in fitar da shi, ban taɓa haɗuwa da mai kare ɗaurinsa ba. Na ce doka ba ta san wannan ba. Ya ce to ai ita ma dokar ba ta san ƙauyensu ba, sai a bar kowa da abin da ya sani.

Ranar zama, alƙali ya tambayi lauyan 'yan sanda laifin mutumin. Lauyan ya juya takardu gaba da baya, ya ce ana bincike. Dattijon ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, ni na yarda a bar ni a can."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, alƙalin bai yi ba. Ya ce masa cikin Hausa, hukuma ba ta da ikon riƙe wanda bai yi laifi ba, ko da shi ya roƙa. In aka yarda yau don ya so, gobe za a riƙe wanda bai so ba, a ce ai ya yarda. Ya ba da umarni a sake shi nan take. Magana ce mai kyau, kuma har yau ina ganin ita ce daidai.

A waje matar tana ta godiya, tana neman ɗan kabu-kabu. Na ce su shigo motata in kai su, don nasarar ta sa ni karamci. Muka bar kwalta, muka bi hanyar daji, taɓo na dukan gilas. Da muka zo mararrabar ƙauyen, matar ta nuna dama. Shi kuwa ya dafa kafaɗata.

"Hagu, ɗana."

Gidan wanda aka ji wa ciwo muka tsaya. Ya fita, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban mahaifin majinyacin. Da harshensu ya yi magana, matar ce ta riƙa juya min a taƙaice. Cewa ya yi gwamnati ta kore shi daga inda ya zauna, shi ne ya kawo kansa nan. A ba shi fartanya. Gonar mai karyayyen hannu shi zai nome ta, kuma a zauren nan zai riƙa kwana har hannu ya haɗe ko yaron ya dawo. Mahaifin majinyacin ya sa aka kawo wa dattijon ruwa a ƙwarya. Da ya sha, kowa a wurin ya san ba wanda zai shiga daji.

Muka juyo ni da matar. A ƙofar gidanta ta sauka, ta riƙe murfin motar ba ta rufe ba.

"Lauya, da yana wurin 'yan sanda, ko ba komai ina da wanda zan kai ƙara. Yanzu wa zan kai?"

Na ce babu. Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin zane, ta shiga gida neman fartanya.